Masana'antar jiragen da ake ta kai wa hari a Rasha, akwai 'ya'yanmu a ciki fa

Duk sanda labari ya fito cewa Yukren ta kai hari wata masana'antar ƙera jirage marasa matuƙa a cikin Rasha, ko kuma Rasha ta ruguza wata a Yukren, sai ka ga mutanenmu a Facebook sun rabu gida biyu kamar ana kallon Madrid da Barca, wannan ya ce Putin namijin duniya ne zai gama da su kafin sallah, wancan ya ce ai Rasha ta gama yawo tunda ana shiga har tsakar gidanta ana dukanta. Ni dai abin da ke damuna daban ne, kuma shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Babbar masana'antar da aka fi ambata a labaran nan, wadda Yukren ta sa wa ido take ta aika mata da jirage, akwai 'yan mata 'yan Afirka da ke aiki a cikinta, har da 'yan Najeriya, kuma da yawansu ba da sanin abin da za su je yi suka hau jirgi ba.

Wurin sunansa Alabuga, wani yanki ne na masana'antu kusa da garin Yelabuga a yankin Tatarstan na Rasha, sama da kilomita 1,000 daga iyakar Yukren. Kafin yaƙi wuri ne da Rasha ta ware don jawo kamfanonin waje su zo su zuba jari, ana rage musu haraji. Da aka fara yaƙi ranar 24 ga Fabrairun 2022 kuma abin bai zo wa Rasha da sauƙi yadda ta zata ba, sai ta koma wajen Iran ta sayo jirgin nan mara matuƙi Shahed-136, ta canza masa fenti da suna ta ce Geran-2. Tun wajen Satumba da Oktoban 2022 aka fara jin kukansa a saman biranen Yukren, 'yan ƙasar ma babur suke ce masa saboda ƙarar injinsa. Daga baya Rasha ta ga saye daga Iran ba zai kai ta ba, gara ta ƙera da kanta, shi ne aka kafa aikin a Alabuga. A watan Agustan 2023 jaridar Washington Post ta fitar da wasu takardun sirri da suka nuna shirin shi ne a ƙera jirage 6,000 kafin tsakiyar 2025. A lokacin mutane sun ga kamar adadin ya yi yawa. To a daren 7 ga Satumban 2025 kaɗai Rasha ta saki jirage sama da 800 a kan Yukren, dare ɗaya fa, har ginin majalisar ministoci a Kyiv sai da ya kama da wuta, ka ga kenan wancan 6,000 ɗin an daɗe da wuce shi.

Dalilin da ya sa Yukren ta nace sai ta daki masana'antar lissafi ne kawai na kuɗi. Shahed ɗaya masu hasashe suna sa kuɗinsa tsakanin dala dubu 20 zuwa dubu 50, wasu su ce ya ɗan fi haka, amma makami mai linzami ɗaya na Patriot da Amurka ke ƙerawa don kakkaɓo abin da aka harbo ta sama ya kai wajen dala miliyan 4. Wa zai riƙa harba miliyan 4 don ya kakkaɓo dubu 50 kullum dare? Ba a yi. Sannan Rasha ta ƙara da wayo, tana haɗawa da wasu jiragen bogi da ake kira Gerbera waɗanda da katako da soso ake yin su, yawanci ba bam a ciki, aikinsu kawai su cika na'urar hango jirage su sa a ɓata harsashi a kansu. Don haka duk wani janar mai hankali a Kyiv zai ce maimakon mu tsaya muna tare su ɗaya bayan ɗaya a sama gara mu je inda ake haɗa su. Wannan ban ga laifinsa ba, kuma ko a dokar yaƙi ta duniya, yarjejeniyar Geneva da ƙarin da aka yi mata a 1977, masana'antar ƙera makamai halastaccen wurin kai hari ne. Ma'aikacin da ke ciki farar hula ne, ba a yarda a nufe shi shi kansa ba, amma in bam ya faɗa kan ginin yana ciki ba wata kotu da za ta bi masa kadi in dai ba a wuce gona da iri ba. Ku riƙe wannan, don shi ne gaba ɗaya matsalar.

Ranar 2 ga Afrilun 2024 Yukren ta kai harin farko Alabuga, kuma abin mamaki da wani ƙaramin jirgin sama na shawagi ta yi amfani, irin mai kujera biyu ɗin nan, aka cire matuƙi aka cika shi da bam aka sake shi. Bidiyon ya zagaya duniya. Ina ya faɗa? Kan ɗakunan kwana na ma'aikata da ɗalibai, mutum fiye da goma suka ji rauni. Tun daga nan an sake kai wa yankin hari ba sau ɗaya ba. Ranar 1 ga Yulin 2025 kuma suka daki masana'antar Kupol a birnin Izhevsk, wadda ke ƙera na'urorin kakkaɓo jirage na Tor da kuma wani kurman jirgi, wato jirgi mara matuƙi, da ake kira Garpiya, hukumomin yankin da kansu suka ce mutum 3 sun mutu, gommai sun jikkata. Ita ma Rasha ba zama ta yi ba, a harin 28 ga Agustan 2025 da ya kashe sama da mutum 20 a Kyiv ta daki masana'antar da kamfanin Baykar na Turkiyya ke ginawa a kusa da birnin, kamfanin nan da ke ƙera Bayraktar TB2 wanda sojojin Najeriya da Nijar da Mali da Burkina duk suke da shi.

To yanzu tambayar da nake so mai murna ya amsa min, bayan duk wannan duka da ake yi, jiragen sun ragu? Ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. A 2023 in Rasha ta saki jirage 40 ko 50 a dare ɗaya babban labari ne, a 2025 sai an ce 500 ko 700 kafin mutane su ɗaga kai. Sun ƙara wa jirgin nauyin bam daga kilo 50 zuwa wajen 90, sun sa yana tashi can sama inda bindigar da ake ɗorawa a bayan mota ba ta kai masa, har da masu injin jet sun fara fitowa. Alabuga kuwa hotunan tauraron ɗan adam sun nuna faɗaɗa ta ake ta yi, ana ƙara gine-gine da ɗakunan kwana, kuma a Yulin 2025 gidan talabijin na sojojin Rasha, Zvezda, da kansa ya shiga ciki ya ɗauko bidiyo yana nuna jirage baƙaƙe jere reras da yara matasa suna haɗa su, shugaban wurin Timur Shagivaleev yana ta alfahari.

Dalilin a bayyane yake in mutum ya duba yadda jirgin yake. Bam ɗin da kurman jirgin Yukren zai iya ɗauka ya yi tafiyar kilomita dubu da shi bai da yawa, zai fasa rufi ya ƙona wani sashe, amma ba zai share katafariyar masana'anta ba, in aka yi sati biyu ko wata an gyara an ci gaba. Sannan shi Shahed ba wani abin a zo a gani ba ne wajen fasaha, gangar jiki ce ta roba mai ƙarfi, da ƙaramin inji wanda asalinsa kwaikwayon wani injin Jamus ne, da 'yan na'urorin lantarki. Su kuma waɗannan na'urorin ba a Alabuga ake yin su ba. A farkon 2023 CNN ta ruwaito cewa da aka buɗe wani Shahed da aka kakkaɓo, cikin kayan haɗi 52 da aka ciro 40 na kamfanonin Amurka ne, wato ƙasar da ke ba Yukren makamin kakkaɓowa kayanta ne a cikin abin da ake kakkaɓowar, ana sayen su a kasuwa a bi da su ta ƙasa ta biyu da ta uku. Shi kuma Garpiya, Reuters ta ruwaito injinsa daga Chaina ake kawo shi, har ana rubuta wa kwalin cewa kayan sanyaya ne don a wuce da shi. In dai wannan hanyar a buɗe take, ka rusa gini yau gobe a haɗa a wani ginin.

Ita ma Rasha abin da ke hana ta gamawa da na Yukren kenan, har ma ya fi mata wuya, don su 'yan Yukren ba su tara ƙwansu a wuri ɗaya ba, ɗaruruwan ƙananan kamfanoni ne a warwatse, wasu a gareji wasu a ƙarƙashin ƙasa, a 2024 kaɗai sun ce sun ƙera jirage kusan miliyan 2 yawanci ƙananan nan da ake tuƙawa da tabarau a fuska. Da irinsu ne ma suka yi abin da suka yi ranar 1 ga Yunin 2025, suka ɓoye jirage 117 a cikin manyan motocin ɗaukar kaya aka shiga da su Rasha direbobin ba su san me suka ɗauko ba, rufin ya buɗe suka tashi suka ƙona jiragen yaƙi na dogon zango har a Irkutsk can Siberiya da Murmansk. Washegari 2 ga wata Rasha da Yukren suka zauna tattaunawa a Istanbul, ba abin da ya fito sai musayar fursunoni da gawawwaki. Trump ya karɓi Putin a Alaska ranar 15 ga Agusta da jan kafet, shi ma aka tashi ba tsagaita wuta.

Wanda ya ɗan karanta tarihin yaƙin duniya na biyu ba zai yi mamaki ba. Birtaniya da Amurka sun shafe shekaru suna ruwan bama-bamai kan masana'antun Jamus, amma a 1944 ne Jamus ta ƙera jiragen yaƙi mafi yawa a duk tsawon yaƙin, wajen 40,000. Abin da ya fi kama da maganarmu shi ne Peenemünde, inda Jamusawa ke gwada rokar nan V-2. A watan Agustan 1943 jiragen Birtaniya kusan 600 suka je suka dake ta cikin dare, da nufin kashe injiniyoyin, amma yawancin waɗanda suka mutu ɗaruruwan ma'aikatan ƙasashen waje ne da aka tilasta wa aiki, galibi 'yan Poland, saboda bama-baman sun faɗa kan sansaninsu. Bayan haka Jamus ta kwashe aikin ta kai shi cikin ramin dutse ta ci gaba, fursunoni suka ci gaba da haɗawa, kusan 20,000 suka mutu a can. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Wernher von Braun, bayan yaƙi Amurka ta ɗauke shi ya je ya taimaka mata zuwa duniyar wata. Baƙon da aka kawo ya yi aikin hannu shi ne bam ya samu.

Shi ya sa da na ga rahoton kamfanin dillancin labarai na AP na Oktoban 2024 jikina ya yi sanyi. Sun gano 'yan mata kusan 200 'yan shekara 18 zuwa 22 daga Uganda, Ruwanda, Kenya, Sudan ta Kudu, Saliyo da Najeriya suna aiki a masana'antar, an ɗauke su ta wani shiri mai suna Alabuga Start. Tallar a soshiyal midiya ake yin ta, bidiyoyi masu kyau, 'yan mata suna dariya suna yawon buɗe ido, a ce za a ba ki tikitin jirgi kyauta, da wurin kwana, da albashi, ki koyi aikin otal ko girki ko makamancin haka kina karatu kina aiki. Sharuɗɗan shiga ma abin dariya, ki buga wani wasan kwamfuta ki haddace kalmomin Rashanci 100 shikenan. Sai da suka sauka wasu suka gane jirgin yaƙi za su riƙa haɗawa. Sun ba da labarin aikin awa 12, da sinadarin da suke shafa wa jikin jirgin yana musu ƙaiƙayi yana ɓata musu fuska ba kayan kariya, da kyamarori ko'ina, da albashin da aka ce dala 700 ne amma bayan an cire kuɗin ɗaki da na jirgi da tara iri-iri abin da ke saura bai taka kara ya karya ba.

Me ya sa Rasha ke neman su? Mazanta suna fagen daga, dubbai sun mutu, wasu dubban ɗaruruwa sun gudu daga ƙasar da aka fara kiran mutane aikin soja a Satumban 2022, ma'aikata sun yi ƙaranci. Shi kuma Barashe ya san me ake yi a Alabuga, ya san ana kai mata hari, in zai je sai an biya shi da tsoka. Yarinyar da ta gama sakandare a Kampala ko Kaduna tana zaune gida shekara biyu ba admishan ba aiki, ita dala 500 ma duniya ce. Kuma sun zaɓi mata ƙanana da gangan, don sun fi sauƙin juyawa, ba su san yaren ba, ba su san kowa ba, in ta ce za ta koma gida wa zai biya mata jirgi.

Akwai wanda zai ce min to Malam ai Turawan Yamma ne ke yaɗa wannan don ɓata sunan Rasha, AP ai ta Amurka ce. Na san wannan maganar, kuma na san daga inda take fitowa. Mutanenmu suna da dalilinsu na jin haushin Faransa da Amurka, wanda ya ga abin da aka yi wa Libiya a 2011 da abin da ya biyo baya a Sahel ba sai an yi masa bayani ba, shi ya sa aka ga tutar Rasha a Yamai bayan juyin mulkin 2023, aka kuma gan ta a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 har aka kama teloli. Amma jin haushin Faransa bai sa Putin ya zama kawunka ba. Kuma ai ba AP kaɗai ba ce, gidan talabijin ɗin sojojin Rasha ne ya nuna masana'antar da bakinsa, shafukan Alabuga Start suna nan a buɗe kowa na iya gani, gwamnatin Afirka ta Kudu wadda ƙawar Rasha ce a ƙungiyar ƙasashen BRICS a Agustan 2025 ta fito ta gargaɗi 'yan matanta ta ce tana bincike, har wasu masu tashe a TikTok da Instagram da aka biya suka tallata shirin suka goge bidiyoyinsu suka ba da haƙuri. Su ma 'yan Yamma ne?

Wani kuma zai ce ai aiki aiki ne, a gida ma yunwa za ta kashe ta ko 'yan bindiga su ɗauke ta, gara ta je can. Wannan ta fi ƙarfi kuma ba zan raina ta ba, don duk wanda ya ga yadda 'yan uwanmu mata ke tafiya aikatau Saudiyya da Libiya da Iraki ya san ba daɗi ke kai su ba. In mace baliga ta san cewa jirgin yaƙi za ta haɗa, ta san ginin yana cikin jerin wuraren da wata ƙasa ke neman rusawa, ta san abin da ta haɗa da hannunta gobe zai faɗa kan gidan wata uwa a Kharkiv ko Odesa, ta ce duk da haka ta yarda, to wannan tsakaninta da Allah, ni ba zan so wa ƙanwata ba amma zaɓinta ne. Matsalar ita ce ba a gaya musu. An ce otal, an ce girki. Wanda ya ɓoye maka haɗarin aiki ya san in ya faɗa ba za ka zo ba.

Wani abu kuma da nake tsoro a wajenmu musamman, Tatarstan yanki ne mai Musulmi da yawa, babban birninsa Kazan akwai manyan masallatai, ejan mai wayo zai iya zuwa ya zauna gaban Alhaji ya ce ai garin Musulmi ne Baba, akwai abincin halal akwai masallaci, ɗakin kwanan mata daban ga masu gadi, sai hankalin uba ya kwanta ya sa albarka. Duk gaskiya ne, sai dai an bar babbar gaskiyar a waje.

Su mazan ma ba su tsira ba, nasu ya fi muni. A Nuwamban 2025 ministan harkokin wajen Yukren ya ce sun gano sama da 'yan Afirka 1,400 daga ƙasashe 36 suna yaƙi a ɓangaren Rasha, gwamnatin Kenya da kanta ta ce nata sun haura 200. Da yawa aikin gadi ko tuƙi ko gini aka ce musu, aka miƙo musu takarda da Rashanci suka sa hannu, bayan 'yan makonni suna cikin rami a Donetsk kurman jirgi na shawagi a kansu.

Ban ce Yukren waliyyiya ce ba, ita ma tana neman baƙi su shiga rundunarta, kuma mun tuna yadda aka riƙa ture ɗaliban Afirka daga jiragen ƙasa a iyakar Poland a farkon yaƙin. Amma a wannan magana ta masana'anta ba zan iya ɗora mata laifi ba, ƙasar da ake saukar wa jirage ɗaruruwa kowane dare ba za ta ƙi dukan inda ake ƙera su don akwai 'yar Najeriya a ciki ba, kuma tunda dukan ba ya tsayar da aikin, sake dawowa za su yi ta yi, yanzu ma da manyan makamai masu linzami nasu na gida da suka fi ɗaukar bam. Laifin yana kan wanda ya kwaso yaran ya ajiye su a wurin, sai kuma gwamnatocinmu da ke da ofishin jakadanci a Mosko amma ba su iya fitowa su ce ga adadin 'yan ƙasarmu da ke Alabuga, ga waɗanda ke son dawowa, ga abin da muka yi. NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana nan, hukumar 'yan Najeriya mazauna waje tana nan, sanarwa ɗaya da Hausa a rediyo, a gidajen da iyaye ke saurara da safe, ba za ta ci ko kuɗin man motar darakta ɗaya ba. Kafin su farka, in wani ya turo wa 'yarka ko ƙanwarka fom na aiki da karatu kyauta a Rasha, mata zalla, shekara 18 zuwa 22, ka tambaye shi sunan garin, in ya ce Alabuga ko Yelabuga ko Tatarstan ka karɓe fasfon ka ajiye a wajenka.